Teburin Ɗanɗane da Akushin Zamfara

Gabatarwa

A wuraren shaƙatawa na ƙasashe masu zafi, kamar tsibirin Zanzibar da Bali da Maldibs, akwai wani irin gidan abinci wanda mutum ba ya zaɓen abin da zai ci a cikinsa. Kukun gidan shi ne mai zaɓi. Baƙo zai zauna ne kurum, a riƙa kawo masa faranti ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci takwas, wani lokaci har ashirin, kowanne da abin da bai wuce loma biyu ba. Kafin ya kai hannu sai ma'aikaci ya tsaya ya yi masa bayanin sunan abincin, da gonar da aka samo kayan haɗinsa, da yadda aka sarrafa shi. Zaman yakan ɗauki awa uku, kuɗin kujera ɗaya kuma yakan ninka mafi ƙarancin albashin Nijeriya, wato Naira 70,000 da aka tsayar a shekarar 2024, sau biyu ko fiye. Wannan shi ne abin da za a iya kira teburin ɗanɗane.

Idan aka ba Bazamfare labarin wannan ci, abu na farko da zai yi shi ne dariya, na biyu kuma salati. Yana da hujja a kan duka biyun. Amma bayan dariyar akwai magana, domin sinasir da miyar taushe da acca da daddawa sun riga sun hau wannan teburi, alhali kuwa ƙasar da take noma kayansu, irin su Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, ba ta san an yi ba, balle ta ga riba.

Asalin Abin

Har zuwa ƙarni na 19, manyan Faransa sukan jibge dukkan abincin biki ne a kan teburi lokaci guda. A cikin wannan ƙarni suka ari ɗabi'ar Rashawa ta kawo abinci bi da bi. Su ma Japanawa suna da tasu tsohuwar al'ada ta jera ƙananan kwanoni bisa ga abin da damina ko rani ya kawo. Daga shekarun 1970 kukun Faransa suka rage yawan abin da ake zubawa, suka ƙara yawan farantan, har abin ya zama yayi. Mai yi wa wannan sana'a alƙalanci kuwa shi ne kamfanin tayar mota na Michelin, wanda ya fara buga littafin jagora ga direbobi a 1900, ya kuma fara ba gidajen abinci lambar tauraro a 1926. Daga birane abin ya bi masu kuɗi zuwa otal-otal na bakin teku, inda matafiyi yake da lokaci, aljihunsa kuma a buɗe.

Abin lura shi ne, ba nama ko shinkafa ake saya da wannan maƙudan kuɗi ba. Ilimi ake saya, da tsari, da labari. Kuku ya san abin da ya kamata harshe ya fara ji da abin da zai rufe da shi, ya kuma san yadda zai faɗi tarihin ganye guda har mai ci ya ji ya ƙaru. Duk wanda ya gane wannan zai gane dalilin da ya sa maganar ta shafi ɗaliban Hausa.

Kayan Gida a Hannun Baƙi

A watan Fabrairu na 2024 Michelin ta ba gidan abinci na Chishuru da ke Landan tauraro. Mai gidan, Adejoke Bakare, a Kaduna ta tashi, ita ce kuma baƙar mace ta farko da ta sami wannan lamba a Ingila. Cikin abubuwan da ta shahara da su har da sinasir. A wannan rana ce kuma aka ba gidan Akoko, shi ma a Landan, wanda ya taɓa sa miyar taushe cikin jerin farantansa. A 2022 Fatmata Binta, Bafillatana haifaffiyar Saliyo mazauniyar Gana, ta ci babbar gasar girki ta yankin Bask na ƙasar Sifen, saboda tana zaunar da baƙinta a kan tabarma tana ciyar da su abincin Fulani. Pierre Thiam, mutumin Senigal, ya kafa kamfanin Yolélé a 2017, ya shigar da acca kantunan Amurka.

Babu laifi ga ko ɗaya daga cikin waɗannan mutane. Sun ga abin da masu shi suka raina, suka ɗauka suka wanke, duniya ta yi marhabin. Abin da ya kamata a tambaya shi ne inda masu abin suke. Shinkafi gari ne na fadama, shinkafarsa sananniya ce, kasuwarsa ta ranar Alhamis kuma tun da daɗewa take tara fatake daga Nijeriya da Nijar. Matan da ke jiƙa wannan shinkafa su kwana da ƙullinta har ya tashi, su ne malaman sinasir da waina na haƙiƙa, amma ba wanda ya taɓa rubuta ma'auninsu.

Ƙaura Namoda ta san irin wannan ciniki tun ba yau ba. A 1929 hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta ratsa Gusau ta ƙare a nan, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga. Buhuna suka riƙa tafiya bakin teku ɗanye, a sarrafa su a Turai, a dawo da sabulu da atamfa a sayar wa manomin da ya duƙa. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Abin da ya faru da gyaɗa yana iya faruwa da girki, sai dai wannan karon suna da fasaha ne za su fita ɗanye.

Bahaushe da Tsarin Ci

Masu ganin cewa jera abinci bi da bi wayewa ce ta Turawa ba su lura da gidajensu ba. Baƙon da ya sauka gidan mutunci a Zurmi, ruwa ake fara ba shi. Idan ya huta a kawo hura da nono, sa'an nan akushin tuwo da kwanon miya, nama ya biyo baya, a rufe da goro. Kowane mataki yana da dalilinsa: ruwa ya kashe ƙishin hanya, hura ta kwantar da ciki, goro ya wanke baki ya buɗe hira. Haka nan buɗa-baki na watan azumi, daga dabino zuwa kunu da ƙosai, sai bayan salla a fuskanci tuwo. Ciyayya ma, inda magidantan unguwa suke fito da kwanoninsu ƙofar gida bayan magariba, ba ta da maraba da teburin ɗanɗane ta fuskar yawan launi: a taɓa miyar kukar wannan gida, a koma kuɓewar wancan, a ɗanɗana damben na gaba, kowa kuma ya san hannun da ya yi kowanne.

Inda aka rabu shi ne ma'auni. A otal ɗin bakin teku, farantin da ya koma wayam shi ne shaidar gwanintar kuku. A ƙasar Hausa kuwa, akushin da baƙo ya suɗe tas abin kunya ne ga mai gida, domin alama ce ta cewa abincin bai isa ba. Dole a bar saura, kuma sauran nan yana da masu shi: yara da barori da almajirin da ke tsaye a zaure. Wato tun a tukunya an sa rabon wanda ba a gayyata ba. Teburin ɗanɗane kuwa an gina shi ne a kan ƙidayar kujeru, wanda bai biya ba ko ƙanshi ba zai ji ba. Saboda haka idan za a yi aro, tsarin bayani da tsabta da girmama mai girki su ne abin ɗauka. Rowar ba abin ɗauka ba ce, haka nan giyar da akasarin irin waɗannan gidaje suke haɗawa da kowane faranti.

Hujjar Masu Suka

Akwai masu cewa yin wannan magana ma rashin ta-ido ne, a lokacin da yunwa take kashe yara. Hujjarsu tana da nauyi ƙwarai. A watan Yuni na 2024 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF tare da Ma'aikatar Lafiya sun auna yara 97,149 'yan ƙasa da shekara biyar a wurare 21 na Shinkafi da Zurmi, suka tarar kashi 27 cikin ɗari suna fama da tamowa, kashi 5 cikin ɗari kuma tasu ta yi tsanani. Wannan a ƙasar da gulbin Gagare da na Bunsuru suke shayarwa, a jihar da take yi wa kanta kirari da noma. Addini ma yana tare da su, domin aya ta 31 ta Suratul A'arafi ta halatta ci da sha, ta kuma hana ɓarna. Attajiri ko ɗan siyasar da zai bar mahaifarsa cikin wannan hali, ya hau jirgi ya je tsibiri ya zubar da kuɗin buhunan gero a zama ɗaya, ya kuma watsa hoton a Facebook, ba shi da abin da zai kare kansa da shi. Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa.

Amma fa ko da za a rufe dukkan gidajen ɗanɗane na duniya gobe, rumbu ɗaya ba zai cika a Zurmi ba. Abin da ya kwashe rumbunan sananne ne. 'Yan bindiga sun hana noma a gonakin nesa, inda suka bari kuma sai an biya su kafin a yi shuka, a sake biya kafin a yi girbi. Shanun da ke ba da nono da taki an kore su. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci domin a matsa wa ɓarayin, talaka ya sha wuyar matakin tare da su. Jirgin da ya raya Ƙaura ya daɗe da daina zuwa a kai a kai. Maganin waɗannan yana hannun hukuma, kuma wajibi ne a ci gaba da matsa mata.

Sai dai akwai wata asara da take tafiya tare da wannan, wadda ba a ƙidaya ta. Duk ƙauyen da ya watse, iri yakan ɓata tare da shi, da sanin ganyayen dajinsa, da hannun tsofaffin matansa. Yarinyar da ta girma a gudun hijira cikin kangon makaranta, tana cin abin da aka samu, ba za ta koyi gasa hoce yadda kakarta take yi ba, ba za ta san lokacin da kalwa ta nuna ta zama daddawa ba. Za a iya sake gina gida idan lafiya ta samu. Ilimin da ke cikin ƙwaƙwalwar tsohuwa kuwa, ranar da aka kai ta makwanci ya tafi ke nan. Don haka maganar girki da maganar yunwa ba kishiyoyi ba ne.

Abin Yi

Wasu ƙasashe sun riga sun farga. Hukumar UNESCO ta shigar da tsarin cin abincin Faransawa cikin kundin al'adun duniya a 2010, dafa-dukar shinkafa da kifi ta Senigal a 2021. Manoman masoron Penja na Kamaru sun yi wa amfaninsu rajista da sunan garinsu a 2013, ta yadda ba mai sayar da wani masoro da wannan suna. A arewacin Nijeriya bikin kamun kifi na Argungu ya shiga kundin a 2016, hawan sallar Kano a 2024, amma kilishi da hura da hoce suna nan suna jira.

Aiki na farko na ɗaliban Hausa ne, domin su ne aka horar da su tattara abin da ke bakin mutane. Shekara da shekaru ana rubuta kundaye a kan waƙa da tatsuniya da karin magana, madafa kuwa an bar ta kamar ba fagen ilimi ba. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da sunayen abinci da na irin dawa da gero waɗanda matasan yau ba su taɓa ji ba. Ya kamata sassan Hausa na Sakkwato da Gusau da Kano da Zariya su tura ɗalibai wurin matan da suka yi gudun hijira zuwa cikin garuruwan Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, a rubuta kowane girki da ma'auninsa da lokacinsa da karin harshen da aka faɗe shi, a kuma sa sunan garin da na mai shi idan ta yarda. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, tana iya ɗaukar nauyin gwada waɗannan girke-girke da hanyar adana su, domin su zama sana'ar da za ta ciyar da masu ita.

Aiki na biyu na masu hali ne. Wanda ya iya biyan kuɗin loma biyu ta sinasir a ƙetare, ba zai gaza sayen shinkafar Shinkafi da darajarta ba, ko ya sa hoce da miyar yakuwa a walimar 'yarsa ba tare da jin kunya ba. Muddin manyan gari suna ɓoye abincin iyayensu idan sun yi baƙi, yaransu ba za su ɗauke shi abin koyo ba.

Kammalawa

Teburin ɗanɗane ba abin bauta ba ne, ba kuma abin tsinuwa ba ne. Ya dai nuna cewa duniya a shirye take ta biya kuɗi mai yawa domin ta ci abin da matan Zamfara suke dafawa kullum, in dai an gabatar da shi da ilimi. Masu wannan ilimi suna raye, amma yawancinsu tsofaffi ne, da yawansu kuma ba sa gidajensu. Idan aka yi jinkiri har suka ƙare, jikokinsu za su koma neman yadda ake sinasir a littattafan da aka buga a Landan. Allah ya zaunar da ƙasar Zamfara lafiya, ya mai da kowa gonarsa.