Wa Ya Naɗe Tabarmar Ciyayya?

 Muna tafe da magana, kuma ba za mu lulluɓe ta ba. Tabarmar ciyayya tana naɗewa a garuruwanmu. Mutane ne suke naɗe ta da hannuwansu, in an tambaye su sai su ce zamani ne. To, zamani dai ba shi da hannu.

Saboda yaran da suka tashi ba su tarar da ita da ƙarfinta ba, bari mu faɗi abin da ake nufi da ciyayya. Idan an idar da salla, kowane magidanci yakan sa a fito da abin da aka dafa a gidansa zuwa tabarma guda a ƙofar gidan babban unguwa. Wannan ya zo da tuwon dawa da miyar kuka, wancan da kisra da miyar busasshiyar kuɓewa, wani kuma asida ce ko godogodo. A jera kwanuka, yaro ya zaga da buta, a yi bisimilla, a ci na kowa. Maƙwabtanmu Larabawa suna da irinta, suna ce mata dara. A kasuwa ma haka abin yake. Mai ful yana da benci da tabarma a ƙarƙashin rumfa, mutum biyar ko shida su haɗa kuɗi, a gutsuttsura burodi a babban kwano, a kwarara ruwan ful da man riɗi, a zauna a ci. Mai wucewa ba ya wucewa sai an ce masa bisimilla, kuma da gaske ake yi.

Yau je ka tasha ko bakin kasuwa ka gani. Bencin ya ragu, leda ta yawaita. Saurayi ya tsaya a gaban kafteriya, a naɗe masa sandawic a takarda, ya tura kuɗi ta waya, ya haye raksha yana ci yana latsa allo. A wurin biki, inda a da ake ajiye siniya guda ga mutum bakwai ko takwas, yanzu sai a miƙa wa kowa farantinsa a rufe, wanda mutanen birni suke kira koktel, ya karɓa ya juya wa na kusa da shi baya, wani ma ya saka a leda ya kama hanya.

Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne, ya dubi abin da ya sami Sinawa. Ba baƙi ba ne a gare mu, su suka gina gadar Hantub a Madani da hanyar Madani zuwa Gadarif, su kuma suka ƙara tsawon madatsar Rusairis da aka kammala a 2013. Mutane ne masu cin abinci a haɗe kamar mu: teburi mai da'ira, a jera kwanuka a tsakiya, kowa ya miƙa hannu. Da suka yi ƙaura zuwa Amurka suka gamu da wulaƙanci, har aka kafa doka a 1882 ta hana leburorinsu shiga ƙasar. A cikin wannan ƙunci suka riƙi sayar da abinci, gidajen abincinsu suka zame musu majalisa. A nan ake bikin aure, a nan ƙungiyoyin dangi suke taro, a nan sabon zuwa yake samun aikin farko da wanda zai nuna masa gari.

Ina waɗannan manyan gidaje yanzu? A unguwar Sinawa ta birnin Niyok akwai wani da ake kira Jing Fong, mai ɗaukar mutum kusan 800 a zama ɗaya. A watan Maris na 2021 ya rufe babban zaurensa, daga baya ya koma wani ɗan wuri da bai kai rubu'in na farko ba. A Hongkong akwai Jumbo, gidan abinci a kan ruwa da aka buɗe a 1976, wanda har Sarauniyar Ingila ta taɓa ziyarta. Ya daina aiki a 2020, aka rasa mai karɓarsa, aka ja shi zuwa teku a watan Yuni na 2022, can ya kife. Annobar korona ce ta yi musu bugun ƙarshe, amma ciwon ya girme ta. Kuɗin haya ya yi tsada, 'ya'yan masu gidajen sun yi karatu sun zama likitoci da injiniyoyi ba mai son gadon tukunya, masu saye kuma sun koyi latsa waya a kawo musu abinci a kwali har ƙofar ɗaki. Abincin Sinawa bai ɓace ba, ana ma sayar da shi a ko'ina. Zaman ne ya ɓace. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin da ya kamata ka yi wa naka.

Tarihinmu a wannan ƙasa bai yi nisa da nasu ba. Kakanninmu sun taho da ƙafa. Wasu sun biyo hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a gaɓar Shuɗin Nilu. Wasu maniyyata ne da suka nufi Makka, guzuri ya ƙare, suka tsaya suka yi aiki a madatsar Sinnar da gonakin audugar Jazira da aka buɗe a 1925, daga baya suka bazu zuwa Suki da Sinja da Dindir da Gadarif. Mutumin da ya shafe shekara biyu ko uku a hanya, ba dangi ba gona, wa ya ciyar da shi daren da ya iso? Tabarmar ciyayya ce. A kanta ya faɗi sunansa da garinsu, a kanta aka gane ɗan wane ne, aka ba shi masauki da fartanya, wani lokaci har da mata. Duk wanda yau yake taƙama da gidan bulo da ƙofar ƙarfe, ya sani kakansa ya taɓa cin tuwon da bai noma ba.

Masu raina ciyayya suna tsammanin cika ciki ne kawai amfaninta. Ba su lura da ayyukan da take yi a ɓoye ba. Na farko, tana rufa asiri. Magidancin da gidansa ba a ɗora tukunya ba yakan zo ya zauna kamar kowa, ya ci ya ƙoshi, ba wanda ya ce ina naka. Amma dattawa sun gani. Kwana biyu ba a ga kwanon wane ba, da dare sai a aika da mudun dawa ta bayan gida. Ba a rubuta sunansa a takarda ba, ba a ɗauki hotonsa ba. Na biyu, tana kashe rigima tun tana ƙarama. A nan Dindir ba sai an gaya mana abin da ke faruwa tsakanin manomi da makiyayi lokacin kaka ba, ko tsakanin maƙwabta biyu a kan iyakar gona. Mutum biyu da za su tsoma hannu a kwano ɗaya da daddare suna jin nauyin zagin juna da rana, kuma ƙarar da za ta kai gaban alƙali sau da yawa a bakin tabarma take mutuwa. Na uku, makaranta ce. A nan yaro yake koyon ya wanke hannu, ya ci da dama, ya ci abin da ke gabansa, kada ya riga babba kai hannu ga nama. A nan kuma yake jin Hausa ta manya, da karin magana da tarihin zuriya. Mu da muke zaune a tsakiyar Larabci, makaranta da Larabci, kasuwa da Larabci, waya da Larabci, in aka ɗauke wannan zama, a ina jikokinmu za su ji harshen kakanninsu?

Yanzu ga waɗanda muke tuhuma. Ba matasa ne a sahun gaba ba, domin yaro abin da ya gani yake yi. Na gaba su ne masu hali, musamman waɗanda suka yi shekaru a Saudiyya da ƙasashen Tekun Fasha suka dawo da tsarin gini na can: katanga mai tsawo, ƙofa mai ƙararrawa, falo mai kujeru, babu zaure babu rumfa. Gidan da ya fi kowane gida nama shi ne ya fara janye kwanonsa daga tabarma. Da mai shi ya janye, sai marar shi ya ji kunyar fitowa da nasa, tabarma ta watse daga sama. Na biyunsu masu biki ne da suke gasar nuna wayewa da farantin roba. Na uku su ne masu wa'azin da za su yi sa'a guda a kan tsawon wando, amma ba su taɓa tambayar mamu ko sun san abin da maƙwabcinsu ya ci jiya ba, alhali haƙƙin maƙwabci da ciyar da abinci suna cikin abin da aka fara karantar da mu tun muna riƙe da allo.

Mun san amsoshinsu, kuma za mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Suna cewa tsadar rayuwa ce. Wannan hujja a kansu take komawa. Ciyayya ba ta neman a dafa ƙari, abin da aka riga aka dafa ne ake fitarwa, kuma kowa ya sani kwano biyar a haɗe suna ƙosar da mutanen da kwano biyar a rarrabe ba za su ƙosar ba. Kakanninmu da suka kafa ta sun fi mu talauci nesa ba kusa ba.

Suna cewa tsafta ce, suna ambaton kwalarar da ta ɓarke a ƙasar nan a 2024. Ba mu musun cuta, kuma in likitoci suka ce a dakatar da taro lokacin annoba, wajibi ne a bi. Sai dai kwalara ta gurɓataccen ruwa da hannun da ba a wanke ba take bi, maganinta tafasa ruwa da sabulu a gefen buta. Wanda ya karɓi sandawic daga hannun da ya gama ƙirga kuɗi bai fi mai cin tuwo da wankakken hannu tsira ba. Ledar kuma da yake taƙama da ita, gobe akuyarsa za ta haɗiye ta.

Suna cewa wahalar duk a kan mata take, su dafa, maza su cinye, a bar musu ƙanzo. A nan akwai gaskiya, kuma duk gidan da ake haka an yi zalunci. Gyaransa shi ne magidanci ya tabbatar an raba na mata da yara kafin kwano ya fita, ya sayo itace ko gawayi, ya sa samari ɗaukar kaya da wanke-wanke. Mata ma suna da tasu ciyayyar a tsakar gida, ita ma tana buƙatar a raya ta. Ba a rushe ɗaki don yana yoyo.

Wanda duk wannan bai gamsar da shi ba, to yaƙi ya isa ya gamsar da shi. Tun da wuta ta tashi a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, ta iso Madani a Disamban shekarar, ta iso Sinja da Dindir a tsakiyar 2024, me ya riƙe rayukan mutane? Bankuna sun rufe, waya ta yanke, kafteriya ta zama kango. Abin da ya tsaya shi ne babbar tukunya a masallaci da makaranta da unguwa, wadda ake kira takiyya, sunan da aka gada daga zawiyoyin shehunai. Matasan da ake cewa sun lalace su suka riƙe muciya. A farkon 2025, da Amurka ta dakatar da tallafinta, da yawa daga waɗannan tukwane suka mutu, domin wutarsu daga nesa ake hura ta. Ciyayya kuwa ba ta jiran kowa, jarinta kwanon kowane gida ne. Ƙauyukan Jazira da suka shahara da tare motoci a hanyar Khartum zuwa Madani a watan azumi, har su shimfiɗa rawani a kan kwalta don a tsaya a sha ruwa, ba ƙungiya ce ta koya musu ba. Al'ummar da ta saba fito da kwano a lokacin lafiya ita take iya fito da shi a lokacin tsoro.

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma babu wanda ya fi ƙarfin kowa a ciki. Kowace unguwa ta tsayar da dare ɗaya a mako, in ya so daren Juma'a, a fito da tabarma, masu hali su riga kowa fitowa. Wanda yake sake gina gidansa bayan yaƙi ya bar wa zaure ko rumfa wuri, ko da taku huɗu ne. Masu biki da suna da zaman makoki su koma ga siniya. Masu ful da masu agashe a kasuwa su mayar da benci da buta, mu kuma masu saye mu zauna mu ci a wurin, domin bencin da ba a zama a kansa mai shi zai sayar da shi. Limamai su ba wannan magana huɗuba guda. Iyaye su zo da 'ya'yansu maza, a bar wayoyi a aljihu har a ɗauke kwano.

Sinawa suna da kuɗin da za su sake gina zaure mai ɗaukar mutum dubu in sun ga dama. Mu tabarma kawai ake nema a wurinmu, da mutum uku da za su fara. Wanda ya karanta wannan ya duba unguwarsu, ya tambayi kansa yaushe rabon da ya ci abinci da maƙwabcinsa, sannan ya aika yaro ya gaya masa yau a ƙofar gida za a ci.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da waɗanda suka watse gidajensu, Ya sa albarka a tukwanenmu.