Lafiyar Iyali: Kirci a Fatar Ido

A hunturun bara akwai wata yarinya a aji huɗu na makarantarmu, kullum hannunta yana ido. Fatar idonta ta kumbura, ta yi duhu, tana saɓa kamar dusa. 'Yan ajinsu suka guje ta, wai afolo ne. Da muka duba sai muka ga idon fari fat, babu kwantsa. Fatar ce kaɗai ke ciwo. Wannan kirci ne, ba a kuwa ɗaukarsa daga jikin wani, saboda haka muka mai da ita bencinta.

Muka aika a kira uwarta. Ta zo da wani man shafawa da ta saya a kemis, ta ce, "Malam, in na shafa mata, kwana biyu sai ya baje. In na bari, sai ya dawo." Wata huɗu ke nan tana shafa shi. Jikinmu ya yi sanyi, gama a kan kwalin an rubuta betametazon.

Iyaye, ku lura da wannan. Fatar ido ita ce mafi laushi a jikin mutum duka, kaurinta bai kai milimita 1 ba. Magungunan da ake kira sitiroyid masu ƙarfi, kamar betametazon da kulobetasol, suna ratsa ta da sauƙi. Su ne kuma ake sa wa cikin man bilicin da yawa. In an daɗe ana shafa su, fatar takan ƙara yin sirara, kuma suna iya kawo yana, ko su sa ruwan cikin ido ya danne jijiyar gani. Wannan shi ne gilakoma. Sau da yawa ba ya zafi, ba ya ba da sanarwa, kuma ganin da ya ci ba ya dawowa. Ashe ana iya sayar da ido domin a rabu da ƙaiƙayi!

Ba mu ce a ƙi magani ba. Likita yakan ba da mai sauƙi, wato haidirokotizon, na 'yan kwanaki kaɗan, sa'an nan a tsaya. Ga wanda nasa ke yawan dawowa akwai takrolimus, wanda ba sitiroyid ba ne. A Amurka an yarda da man shafawarsa a shekara ta 2000. Yakan yi ɗan raɗaɗi a kwanakin farko, amma ba ya sa fata ta yi sirara. Likita ne zai zaɓa, ba mai kemis ba, ba maƙwabciya ba.

Me ya sa yake dawowa? Waɗansu haka aka haife su da busasshiyar fata, musamman a gidan da akwai masu asma. Amma sau da yawa hannu ne ke kai wa ido abin da ba ya so: sabulu mai ƙanshi, omo, jan farce, turare, ko baƙin lalle da aka haɗa da rini. Abin mamaki, hannun ba ya nuna kome, idon ne ke shan wahala. Mu malamai ma da laifinmu, gama ƙurar alli tana busar da fata. Kwalli kuwa, a ajiye shi. Na dutse yana da dalma, bai dace da idon yaro ba ko da lafiyarsa lau.

A daina abubuwan nan na mako biyu ko uku, sa'an nan a dawo da su ɗaya ɗaya, a ga wanda zai ta da ciwon. A wanke fuska da ruwa zalla. A shafa farin basilin marar ƙanshi safe da dare, har bayan fatar ta warke, gama nan ne yawancinmu muke sakewa. In ƙaiƙayi ya taso, a jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan randa a ɗora. A yanke wa yaro farce.

Amma in kuka ga ƙuraje masu ruwa, ko mugunya, ko zazzaɓi, ko idon kansa ya yi ja yana zafi, ko gani ya dushe, sai asibiti ran nan, kada a kwana.

Yarinyarmu dai an auna idonta, ba abin da ya taɓa shi. Sabulun wankan uwarta ne ya fi tayar mata da ciwon. Bana ya leƙo sau ɗaya, ya yi kwana biyar. Yanzu tana zama a benci na uku, nesa da allo, da ɗan gwangwanin basilin cikin jakarta.