Kumburin Jijiyar Ƙafa: A Ajiye Aska, A Je A Yi Hoto

Rubutun wannan mako zai taɓa wasu wanzamai da masu tallar magani a soshiyal midiya, kuma mun san ba kowa zai ji daɗinsa ba. A yi haƙuri, maganar ƙafafun iyayenmu ce.

Duk mun san ciwon. Jijiyoyi su fito ruɗu-ruɗu a sha-raɓa, su murɗe kamar igiya, ƙafa ta yi nauyi da yamma, ga ƙaiƙayi da kumburin idon sawu. Ya fi kama masu doguwar tsayuwa, irin su malaman makaranta, masu aski, ma'aikatan jinya da 'yan kasuwa, sai mata masu juna biyu, masu ƙiba, da waɗanda suka gada. Da an gan shi sai a ce sanyi ne, ko mataccen jini, ko an taka sammu. Daga nan sai tsaga, sai sakiya, sai jarkar tsimi.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Jijiyoyin da ke mayar da jini daga ƙafa zuwa zuciya suna da 'yan ƙofofi masu aiki kamar bawul ɗin taya: jini ya wuce sama, su rufe kada ya dawo. Idan suka lalace, jinin ya riƙa komowa ƙasa yana taruwa, jijiyar ta buɗe ta kumbura. Sau da yawa ɓarnar tana cikin doguwar jijiyar da ta taso daga ƙafa ta bi cikin cinya har matsematsi, inda ido ba ya gani. To, wane tsimi ne zai gyara bawul? Wace aska ce za ta kai can?

Jinin da wanzami ya zubar yau, kafin gobe wani ya cika gurbinsa. Abin da ya rage wa mai ciwo shi ne rauni a fatar da dama jini ba ya zagaya ta yadda ya kamata, kuma irin wannan rauni ne ke zama gyambon da ke ƙin warkewa wata da watanni. Jijiyar da ta kumbura in ta fashe, jini kan zuba da yawa. Ba mu raina ƙaho ba, muna cewa ne kada a ɗora shi a kan jijiyar da ta kumbura.

Mu kan ɗauka aikin likitan hoto ya tsaya ga ɗaukar hoton ƙirji da duba ciki. Tun 1953 wani likitan hoto ɗan Suwidin, Sven-Ivar Seldinger, ya fito da dabarar shiga jijiya da allura da siririyar waya ba tare da yanka ba. A kan wannan dabara aka gina maganin yau. Ana fara sikanin na Dofla, a ga inda jini ke komowa baya. Sai a yi allurar kashe zafi, a zura siririn bututu cikin jijiyar, a rufe ta da zafin leza ko na igiyar rediyo, ko kuma a ɗura mata maganin kumfa ta manne. Jinin sai ya koma bin jijiyoyin ciki masu lafiya. Yawanci mutum yakan taka da ƙafarsa ya koma gida a ranar. A 2013 hukumar NICE ta Birtaniya ta sa rufewa da zafi a sahun farko, kumfa na biye, tiyatar zare jijiya ta zo ƙarshe.

Hoton nan dole ne. Idan jijiyar ciki ta toshe da gudan jini, wataƙila wadda ta kumbura a waje ita ce hanyar da jini ya samu. Mai aska ba shi da hanyar sanin haka.

Wani zai ce ai kuɗi ne. Gaskiya ne aikin yana da tsada, kuma ciwon kan iya dawowa a wata jijiyar. Amma ba kowa ne ke buƙatarsa ba. Wani safa mai matse ƙafa, da tafiya a ƙasa, da ɗaga ƙafa lokacin hutu, da rage ƙiba za su sauƙaƙa masa. Mai ciki ma ba a yi mata aikin, domin sau da yawa kumburin kan ragu bayan haihuwa. A lissafa kuma kuɗin tsimi na shekara biyar da wankin gyambo kullum, a ga wanne ne araha.

Don haka muna da buƙata biyu. Ga 'yan uwa: wanda fatar ƙafarsa ta fara baƙi ko tauri, ko ya ga rauni ya ƙi warkewa, ya nemi a tura shi sashen hoto na asibitin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano ko na Shika. In jijiya ta fashe, a kwantar da mutum, a ɗaga ƙafar sama, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a garzaya asibiti. Ga gwamnoninmu da 'yan majalisa: a sayi na'urorin, a horar da likitocin, a rage wa talaka kuɗin hoto.

Masu tallar "maganin jijiya sha yanzu magani yanzu" kuwa, ga fili. Ku kawo mana hoton Dofla na kafin shan maganinku da na bayansa. Idan babu, ku ji tsoron Allah ku bar ƙafafun mutane.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mun ji ra'ayoyinku a ƙasa.