Waiwaye: Allurar da Aka Ɗora wa Laifi

A damunar 2004 ne, ina zaune a gidan haya a Kano, matar maƙwabcina ta shigo da ɗanta ɗan wata shida a kafaɗa. Hannayensa da ƙafafunsa sun kumbura suntum, ko yatsa aka ɗora masa sai ya tsala ihu. Kakarsa ta riga ta yanke hukunci: "Lafiyarsa ƙalau kafin ki kai shi a tsira masa allurar nan."

Babu wanda ya musa mata, har da ni. Tun 2003 jihar ta dakatar da rigakafin shan inna bisa zargin an sa masa maganin hana haihuwa. Ba a kuma manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a annobar sanƙarau, a gwajin da ya haɗa yara kusan 200, goma sha ɗaya suka rasu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Turawa ma sun yi nasu gudun. A 1998 wani likita a Ingila, Andrew Wakefield, ya wallafa rahoto kan yara 12 kacal a mujallar Lancet, yana alaƙanta allurar ƙyanda ta MMR da cutar galahanga. A 2010 mujallar ta janye rahoton, aka soke lasisinsa. A 2019 masu bincike a Denmak suka fitar da sakamakon bibiyar yara sama da 650,000, ba su ga wata alaƙa ba. Alamun galahanga dama a shekarun da ake wannan allurar suke bayyana, shi ya sa iyaye ke ƙulla su wuri ɗaya.

Ba cewa nake rigakafi bai taɓa cutar da kowa ba. Bayan murar aladu ta 2009, an tabbatar a Finlan da Suwidin cewa allurar Pandemrix ta jawo wa wasu yara ciwon da ke sa barci ya sace mutum da rana tsaka. Amma ƙidaya ce ta kama shi: aka jera waɗanda aka yi wa allurar da waɗanda ba a yi wa ba, bambancin ya fito fili. Mu a tsakar gidanmu yaro ɗaya muke kallo.

Shekara biyu ana fama da yaron nan, rubutu, hayaƙi, jiƙe-jiƙe. Asibiti kuwa uban ya ce sun gama da shi, tunda can aka ɗauko ciwon. Da aka haifi ƙanwarsa, ko katin rigakafi bai bari an karɓo mata ba. Tana wata bakwai hannayenta suka kumbura, irin na wanta sak.

Sai a lokacin aka kai su gwajin jini. Su biyun sikila ce, SS. Likitan ya yi bayani cewa jariri na zuwa duniya da wani nau'in jini da ke kare shi, wanda ke raguwa wajen wata shida, wato jim kaɗan bayan alluran mako 6 da 10 da 14. Daga nan ciwon ke nuna kansa. Aka gwada iyayen, kowannensu AS. Uban ya daɗe yana kallon takardar kafin ya ce, "Likita, yau za a iya fara yi wa yarinyar allurarta?"