Fitilar mota ta sake kunnuwa: a biya kuɗin bincike kafin a sayi sabon kaya

Yawancinmu malamai da iyaye, in Allah ya hore mota, tsohuwa ce wadda ta gama aikinta a Turai ko Amurka. Cikin abubuwan da ke cinye albashi a irin waɗannan motoci akwai ƴar fitilar inji da ke kunnuwa a gaban direba. A je garaji, a jona kwamfuta, ta nuna lamba P0325, makaniki ya ce a canza na'urar. A canza. Bayan sati biyu fitila ta dawo.

Na'urar nan, da Faransanci capteur de cliquetis, kunnen inji ce. An ɗaure ta a jikin inji tana sauraron ƙwanƙwasar da ake samu in mai ya fashe ba bisa tsari ba, sai ta shaida wa kwamfutar motar ta jinkirta tartsatsin buji. In kwamfuta ta daina jin ta, sai ta ɗauki matakin kariya: mota ta yi nauyi, ta ƙara shan mai.

Amma P0325 ba ta ce na'urar ta mutu ba. Cewa ta yi akwai matsala a hanyar saƙon, kuma hanyar ta haɗa da waya da mahaɗinta. Wayar da ta shekara ashirin tana gasuwa a jikin inji, ga zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, robarta ƙeƙashewa take yi ta tsage. Ɓera ma na cin ta. A injin Toyota V6 na tsofaffin Camry da Sienna, kunnuwan biyu ne, suna can ƙarƙashin bututun shigar iska, kuma sau da yawa gajeriyar wayar da ke haɗa su ce mai laifi. Sannan ɗaurin kansa na da awo. In ya yi sako-sako ko ya wuce kima, sabuwar ma ba za ta ji daidai ba. Balle jabun kaya da suka cika kasuwa.

Wasu na ɗora komi kan man ƴan ruwa-ruwa. Gurɓataccen mai na sa inji ƙwanƙwasa, gaskiya ne, sai dai ba ya yanke waya.

A ganina mu ma muna da hannu. Makaniki ya ɓata awa biyu yana bin waya da na'urar awon wuta, mu ce ai bai yi komi ba, mu miƙa masa kuɗin goro. In ya ce a sayo sabon kaya, mu ciro jikkuna ba musu. To wa zai yi bincike? Wani ma goge lambar kawai yake yi, ko ya cire ƙwan fitilar, kamar ɗalibin da ya goge tambaya daga allo ya ce ya amsa.

Kafin ka biya, ka tambaye shi: ya auna wayar daga na'urar har zuwa kwamfuta? Ya duba mahaɗin? In ya auna, ka biya shi ladar awon ko da bai canza komi ba.