Idan Odar Mota Ta Yi Shiru

Tsakanin Kakuri da Sabon Tasha, inda tankoki da 'yan adaidaita sahu da masu tafiya a ƙasa ke rububin hanya guda, oda ita ce bakin direba. Wasu na ce mata hon, wasu ham, amma aikinta ɗaya ne: ta sanar da wanda bai gan ka ba cewa ga ka nan tafe. Dokar hanya ta wajabta ta, jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra kuma suna da hurumin tare motar da ba ta da ita. Duk da haka, babu wani sashe na mota da muke yi wa gyaran ganin dama kamar wannan.

Oda ba ta da wani sirri. Ƙaramin maganaɗisu ne mai aiki da lantarki yake jan wani siririn faifan ƙarfe yana sakinsa sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda, wannan karkarwar ita ce ƙarar da muke ji. Wutar tana tasowa daga batir mai ƙarfin bolt 12, ta ratsa fis, ta bi ta rile, ta isa odar, sannan ta koma ta jikin ƙarfen motar. Madannin sitiyari umarni kawai yake bai wa rile. Saboda haka idan oda ta yi shiru, wuraren da za a tuhuma ba su wuce biyar ko shida ba, kuma hankali ya ce a fara da mafi arha.

A fara da fis. A yawancin ƙananan motoci na amfiya 10 ne ko 15, murfin akwatin kuma yana nuna mazauninsa. In lafiyarsa lau, sai wani ya danna oda, kai kuma ka kasa kunne kusa da akwatin. Idan ka ji rile yana ƙyas-ƙyas, to sitiyari ya fita daga zargi, matsalar tana gaba. Daga nan a zare wayar odar a haɗa ta kai tsaye da batir. In ta yi kuka, laifin na waya ne ko na tsatsar da ta ci mahaɗin da ke jikin ƙarfe. In ba ta motsa ba, ita ce ta mutu. Mazauninta a bayan bamba yake, daidai inda ruwan damina ke fantsama, kuma duk wanda ya san lungunan Nasarawa da Romi a watan Agusta ya san abin da nake nufi. Masu wankin mota da injin feshi su ma suna da nasu kason. Odar da muryarta ta dusashe kuwa, sau da yawa ɗaya ce daga cikin tagwayen ta mutu, don motoci da dama guda biyu suke da su, mai siririyar murya da mai kauri. Wannan binciken duka bai kai rabin awa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne idan an danna rile bai ce uffan ba, an sauya shi da wani kuma shiru. A nan zargi ya koma cikin sitiyari, a nan ne kuma tarihin wannan yanki ya shigo. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri, kuma ƙanikawa da masu wayarin da yawa na kudancin Kaduna a kan 504 suka koyi sana'a, ko a hannun waɗanda suka koya a kanta. Mota ce mai sauƙin hali, ba ta da jakar iskar da ke kare direba yayin haɗari. Motocin Kwatano da suka cika titunanmu yau ba haka suke ba. A bayan sitiyarinsu akwai wata shimfiɗaɗɗiyar waya a nannaɗe kamar zaren kaset, tana warwaruwa tana naɗuwa duk lokacin da aka juya sitiyari. Ta cikinta umarnin oda yake bi, ta cikinta kuma umarnin fashewar jakar iska yake bi. Idan ta tsinke, kamar yadda takan yi bayan an kwance sitiyari an mayar ba tare da an daidaita ta a tsakiya ba, sau da yawa su biyun suke tafiya tare. Shi ya sa za ka ga fitilar jakar iska ta kunnu a gaban direba a ranar da oda ta ɗauke.

Me muke yi a irin wannan hali? Sai mai wayarin ya huda jikin dashbod, ya dasa wani ɗan madanni, ya jawo waya daga batir, wani lokaci ko fis babu. Oda ta dawo, mai mota ya biya kuɗi kaɗan, kowa ya yi murna. Fitilar gargaɗin kuma a cire ƙwanta ko a liƙe ta da baƙin salatif. Mutumin nan zai hau hanyar Abuja ta Gonin Gora da iyalinsa yana zaton akwai jakar da za ta tare ƙirjinsa, alhali ta daina karɓar umarni tun ranar. Ga shi kuma madannin yana inda hannu ba zai kai gare shi ba a daƙiƙar da yaro ya faɗo titi. Ƙanwar wannan dabara ita ce naɗa silin wayar tagulla a gurbin fis da ya ƙone. Fis an yi shi ne don ya ƙone a madadin wayoyin mota. In an hana shi, wayoyin ne za su ɗau zafi, kuma akwai motocin da suka kama wuta a kan haka.

Ba na ɗora laifin duka a kan masu gyara. Mai mota ne yakan ce a yi masa na wucin gadi, shi kuwa mai wayarin ba zai kori ciniki ba. Amma na wucin gadi a ƙasar nan yakan zauna har a sayar da motar, wanda ya saya kuma bai san abin da aka binne masa ba. Mai sayen mota ta hannu ya murɗa makulli ya duba: fitilar jakar iska ta kamata ta kunnu na 'yan daƙiƙoƙi sannan ta mutu. In ba ta kunnu ba sam, an taɓa ta. Wanda kuma za a kwance wa sitiyari ya tsaya a kan sai an cire kan batir, an dakata na wasu mintoci kafin a sa hannu, domin jakar tana iya fashewa a fuskar mai gyaran.