Wanda Ya Suma Ba Ya Taya Kaya

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, 'yan kanzagin jari-hujja sun ishe mu da wata magana: wai a sakar wa asibitoci mara su yi gasa, kuɗin jinya zai faɗo kamar farashin gero da kaka. Muna tambayarsu, sun taɓa shiga kasuwa kuwa?

Ciniki yana da sharaɗi. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, mai saye ya juya ya nufi rumfar gaba. Wannan juyawar ita ke karya farashi. To, wanda mota ta buge, aka kwaso shi a sume, yaushe zai taya? Matar da jini ya ɓalle mata wajen haihuwa da tsakar dare, asibiti nawa za ta zaga tana tambayar farashi? Ko majinyacin da ke cikin hayyacinsa bai san abin da yake buƙata ba, sai mai sayarwa ya gaya masa. Tun 1963 masanin tattalin arziki Kenneth Arrow ya bayyana wannan cikas.

Mu dubi Amurka, alƙiblar masu wannan ra'ayi. A 2023 ta kashe fiye da kashi 17 cikin 100 na arzikin da ta samar a kan lafiya. Cikin ƙasashe masu arziki babu wadda ta kamo ta. Asibitocin da aka ce za su yi gasa, haɗewa suka riƙa yi, babba ya haɗiye ƙarami, farashi ya hau. Sai da majalisa ta kafa doka a 1986 kafin aka hana korar majinyacin gaggawa don ba shi da kuɗi. A 2022 wata dokar ta fara aiki, ta hana a ɗora wa irin wannan majinyaci kuɗin ba-zata. A jihar Maryland kuwa, tun shekarun 1970 hukuma ce ke yanke wa asibitoci farashi.

Ba mu musa cewa gasa na iya rage kuɗin tabarau ko gwajin jini ba, domin nan mutum yana da lokacin zagayawa. Ɗakin gaggawa fa?

A Nijeriya, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin karɓar majinyacin gaggawa, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun lafiya na matakin farko domin wannan jinya. Duk da haka talaka yana jin "sai an ajiye kuɗi" a bakin ƙofa. Ma'aikatan lafiya da na baitulmali da ke karanta wannan mujalla, ku gaya mana inda kason nan yake shiga.